Kifin Da Ke Shaƙewa A Cikin Ruwa

Duk wanda ya daɗe cikin masu kiwon kifi ya san irin wannan labari. Mutum ya kwanta kifinsa lafiya lau, sun ci abincin yamma har suna tsalle, ya fito bayan sallar asuba ya tarar rabinsu sun juya ciki sama, sauran sun taru a saman ruwa suna buɗe baki. Babu rauni a jikinsu, babu alamar cuta. Kafin hantsi an fara lissafin maƙiya: wa ya zuba guba, wa ya yi baki, wa aka gani yana zagaya wurin jiya da daddare. Wani lokaci zargin yana da tushe, domin an sha samun masu zuba Gamalin a ruwa don su kwashi kifi ba wahala. Amma galibi ba wanda ya zuba komai. Kifin shaƙewa ya yi, saboda iskar da ke cikin ruwan ta ƙare tun kafin gari ya waye.

Wannan iska ita ce oksijin da ta narke a cikin ruwa. Ba a ganinta, ba ta da ƙamshi, kuma ruwan da ya cika da ita da wanda ya rasa ta suna iya yin kama ɗaya a ido. Amma ita ke yanke hukuncin abin da zai rayu a tafki ko kogi, da irin kifin da masunci zai samu a komarsa, da ko mai kiwo zai mayar da kuɗinsa.

Ɗan abin da ruwa yake iya riƙewa

'Yan makaranta da aka koya wa cewa ruwa haɗin haidirojin ne da oksijin sukan ɗauka daga nan kifi yake samun rabonsa. Wannan oksijin ɗin a ɗaure take, kifi ba shi da hanyar kwance ta. Abin da yake rayuwa da shi ita ce iskar sarari irin wadda muke shaƙa, wadda ta ratsa cikin ruwa ta narke. Mai sayen ɗanyen kifi yakan ɗaga marfin kumatunsa ya duba jan naman da ke ciki, in ya yi ja sosai ya san sabo ne. Da wannan jan naman kifi yake numfashi. Zaruruwa ne sirara cike da jini, kifi yana zuƙo ruwa ta baki ya tura shi ta kansu, jinin kuma yana gudana ta hanyar da ta saɓa wa ta ruwan. Wannan tsari ya sa wasu kifaye suke iya tatse har kashi 80 cikin 100 na iskar da ke cikin ruwan da ya wuce ta bakinsu. Mu mutane, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai muke ɗauka daga oksijin ɗin da muka shaƙa, sauran mu fitar da shi.

Dole kifi ya zama gwanin tattali, domin abin da ke gabansa kaɗan ne ƙwarai. Kashi 21 cikin 100 na iskar sarari oksijin ce. Ruwa kuwa, ko ya ƙoshi iya ƙoshi, bai wuce ya riƙe kimanin miligiram 8 a kowace lita ba idan zafinsa ya kai digiri 25. Lita ɗaya ta iskar sarari ta fi lita ɗaya ta ruwa yawan oksijin sau talatin ko fiye. In an lissafa, tankin ruwa mai cin lita 1,000 giram 8 kacal na wannan iska yake ɗauke da shi, kuma da shi ne duk abin da ke cikin tankin zai yi numfashi har a samu ƙari.

Zafi yana ƙara rage wannan ɗan rabo. Kowa ya lura lemon kwalba mai sanyi yana riƙe iskarsa, wanda ya sha rana kuwa da an buɗe shi sai ya yi kumfa ya salance. Haka ruwa yake da oksijin. A sanyin da ruwa ke daf da daskarewa yana riƙe miligiram 14.6 a lita, a digiri 20 ya sauko zuwa 9, a digiri 30 kuma kusan 7 da rabi. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki, kuma duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka buƙatarsa ta iska. Saboda haka a bazara, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da ruwa ya ja baya ya yi zafi, iska tana raguwa a daidai lokacin da masu neman ta suka fi buƙata. Masu koyar da kiwon kifi sun fi so a tsaya a kan miligiram 5 zuwa sama. Da ya sauko ƙasa da haka kifi ya fara rage ci. Idan ya kai 2 ko ƙasa, yawancin kifaye sun shiga halin mutuwa ko rayuwa.

Ta ƙofa biyu iska take shiga ruwa. Ta farko ita ce fuskar ruwan, inda yake haɗuwa da sarari. Idan ruwa yana kwance shiru, wannan shiga tana da jinkiri matuƙa, domin oksijin tana ratsa ruwa a hankali fiye da yadda take ratsa iska kusan sau 10,000. Sai an kaɗa ruwan, ta hanyar igiya ko gudu a kan duwatsu ko faɗowa daga sama, sannan yake sha sosai. Ƙofa ta biyu ita ce tsirran cikin ruwa, musamman ƙananan nan da ido ba ya gani ɗaiɗai, waɗanda ke sa tafki ya yi kore. Da rana suna amfani da haske su fitar da oksijin, har da la'asar ruwan ya cika ya yi rara. Da faɗuwar rana aikin ya tsaya, su ma su koma cikin masu ci. Daga magariba zuwa asuba babu mai zubawa, kifi yana ja, tsirrai suna ja, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin laka suna ja. Shi ya sa mutuwar takan faɗo gab da fitowar alfijir, kuma shi ya sa tafkin da ya fi kowanne kauri da kore shi ya fi hatsari. In aka yi kwana biyu ko uku hadari ya rufe rana, ko ƙurar hunturu ta yi kauri, abin da aka tara da rana ba ya kai wa safe.

Ruwan farko na damina ma yana da tasa ɓarnar. A lokacin zafi ruwan tafki mai zurfi yakan rabu hawa biyu, mai ɗumi da iska a sama, mai sanyi maras iska a ƙasa, ba sa gauraya. Masu binciken Tafkin Kainji sun daɗe da ganin haka a watannin zafi. Idan aka yi ruwan sama mai sanyi da guguwa, na sama ya nitse, na ƙasa ya taso da baƙar laka, sai ɗan iskar da ke akwai ta watse cikin ruwan da ba shi da komai. A farkon 2021 an wayi gari gawawwakin giwan ruwa sun cika gaɓar Tafkin Biktoriya ta ɓangaren Yuganda. Can ma guba aka fara zargi, amma hukumomin ƙasar suka ce gwaji bai nuna guba ba, ƙarancin iska ne bayan ruwan ya juya.

Tarwada ta rufe mana ido

A ganina akwai dalilin da ya sa mutanenmu ba su ɗauki wannan magana da muhimmanci ba, kuma dalilin shi ne tarwada. Najeriya ta fi kowace ƙasa noman tarwadar Afirka, ita ce ta cika tankunan siminti da na tamfol a bayan gidaje daga Kano zuwa Ibadan. Allah ya yi wa wannan kifi baiwar da yawancin 'yan'uwansa ba su da ita: a cikin kansa, sama da jan naman numfashi, akwai wata gaɓa mai rassa da ke ba shi damar haɗiyar iskar sarari kai tsaye. Shi ya sa mai talla yake iya ajiye ta a daro da ɗan ruwan da bai rufe bayanta ba, ta wuni tana motsi. Gaiwa ta ma fi ta, domin ita huhu gare ta sosai, idan fadama ta ƙafe sai ta shige cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi ta jira damina. Karfasa ba ta shaƙar iskar sarari, amma ta iya lallaɓawa ta tsotsi siririn ruwan da ke can sama, wanda ya fi iska.

Da mutum ya ga tarwada tana rayuwa a ruwan da ya yi baƙi yana wari, sai ya ce ai ruwan bai mutu ba tunda ga kifi. Wannan kuskure ne mai tsada. Samun tarwada ita kaɗai a inda a da ake kama giwan ruwa da tsage da ragon ruwa shaida ce cewa ruwan ya riga ya kori masu buƙatar iska, ya bar masu haƙuri. Ita kanta tarwadar da ta rayu ba a banza ta rayu ba. Duk hawan da take yi zuwa sama don ta haɗiyi iska ƙarfi take ƙonawa, cinta yana raguwa, girmanta yana tsayawa, cuta tana samun ƙofa. Mai kiwo ya zuba buhunan abinci, wanda shi ne fiye da rabin kuɗin da yake kashewa, ranar awo ya ga kifi bai yi nauyi ba, ya ɗora laifin a kan mai sayar da iri ko kamfanin abinci. Sannan 'ya'yan tarwada a makonninsu na farko ba su da wannan gaɓa tukuna, iskar cikin ruwa kawai suka dogara da ita. Masu ƙyanƙyasa sun fi kowa sanin zafin wannan, domin famfo ya tsaya na 'yan sa'o'i da daddare ya ishe su asarar dubbai.

Abin da ya faru a Tafkin Chadi

Babu inda wannan tacewa, ta korar masu buƙatar iska a bar masu haƙuri, ta fito fili a yankinmu kamar Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Tafki ne maras zurfi, iska tana kaɗa shi daga gaɓa zuwa gaɓa, saboda haka buɗaɗɗen ruwansa a ƙoshe yake da oksijin, kuma giwan ruwa da tsage da manyan kifaye masu son sarari suna walawa a cikinsa. Da farin shekarun 1970 ya zo, ruwan ya ja baya, a 1973 tafkin ya rabu gida biyu, kafin 1975 ta ƙare kwarin arewa ya ƙafe.

Masu binciken cibiyar ORSTOM ta Faransa suna wurin a lokacin, sun kuma rubuta abin da suka gani. Kifi ya fara mutuwa tun ruwa bai ƙare ba. Da zurfin ya ragu, kowace guguwa sai ta tayar da lakar ƙasa, lakar ta cinye iskar, kifi ya mutu tuli. A wuraren da suka bushe kuma ciyawa da tsirran fadama suka tsiro, da ambaliyar Kogin Shari ta dawo ta rufe su sai suka ruɓe, sabon ruwan da ake murnar zuwansa ya zama maras iska. Cikin 'yan shekaru jerin kifayen tafkin ya sauya. Giwan ruwa da tsage da danginsu suka ja baya ko suka ɓace daga wurare da yawa, tarwada da karfasa da sauran masu jure ruwan fadama suka mamaye. Bandar da ta riƙa fitowa daga Baga zuwa kasuwannin kudu bayan wancan lokaci, wadda tarwada ta yi rinjaye a cikinta, tana ɗauke da tarihin wannan sauyi ko da masu cinta ba su sani ba.

Wancan fari ne ya jawo shi, ba hannun kowa. Abin da ke faruwa a kogunan da suka ratsa biranenmu kuwa da hannunmu muke yinsa.

Ruwa ba ya tsami banza

Duk abin da zai iya ruɓewa, idan ya shiga ruwa, bakteriya za su hau shi, kuma da oksijin suke aikin. Bayan gida, jini da tumbi daga mayanka, gashi da kitse daga masana'antun jima, ragowar abinci, kashin dabbobi, duk ɗaya ne a wajensu. Idan ƙazantar kaɗan ce kogi yana iya wanke kansa: iska ta ragu a inda aka zuba, bayan tafiyar wasu kilomitoci ta farfaɗo. Idan ta fi ƙarfinsa, iskar ta ƙare ƙaf, wasu irin bakteriya da ba sa buƙatarta su karɓi aikin. Su ne masu fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai, su ne masu mayar da ruwa baƙi.

Mutumin Kano ba ya buƙatar a kwatanta masa wannan wari. Jakara tana kwashe dattin tsakiyar birni da na mayanka, rafin Getsi ya kawo mata na masana'antun Bompai, su gangara tare zuwa madatsar Wasai a Minjibir. Ta kudu kuma Salanta tana ɗauko na Sharaɗa ta kai Kogin Challawa, inda wasu masana'antun fata suke a bakinsa. A Kaduna, magudanan Kakuri da Makera sun shafe shekaru suna yi wa Kogin Kaduna irin wannan aika-aika. Idan ana maganar ruwan jima an fi ambaton sinadarin kuromiyam, kuma ya cancanci a ambace shi, amma tun kafin gubar ƙarfe ta yi aikinta a hankali, shaƙewa ta riga ta gama da yawancin abin da ke numfashi a wurin.

Ba kifi kaɗai ake rasawa ba. 'Ya'yan mazari da sauran ƙwarin da ke girma a ƙarƙashin ruwa, da ƙaguwa, da ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci, duk da wannan iska suke rayuwa. Idan suka tafi, wanda yake cin gajiyar wurin shi ne sauron kwatami, domin tsutsarsa ba ruwanta da iskar cikin ruwa, wani ɗan bututu take miƙowa sama ta shaƙi ta sarari. Ruwan da ya mutu ya ba ta abinci, ya kuma kashe masu cinta. Unguwar da ke bakin irin wannan magudana tana biyan kuɗin ruwan da ya rasa iska kowane dare, ko da babu masunci ko ɗaya a cikinta.

Takin zamani yana kaiwa ga wannan sakamako ta wata hanya mai zagaye. Abin da shuka ba ta sha ba a gonar rani, ruwa yana wanke shi zuwa kogi, can ya ciyar da gansakuka da kainuwa su yi yawa fiye da kima, su mutu, su nitse, su ruɓe. Baƙuwar kainuwar nan mai furen shuɗi da ta samo asali daga Kudancin Amurka, wadda ta addabi Kogin Kwara a wajen Yamai da Tafkin Kainji, tana shimfiɗa tabarma a kan ruwa ta hana haske shiga, ta hana iska taɓa shi. A dausayin Haɗeja da Nguru kuma ciyawar kacalla ce. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, Kogin Haɗeja da a da yake cika da damina ya ƙafe da rani ya koma mai ɗan gudu duk shekara, wannan kuwa shi ne abin da kacalla take so. Ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma, ta cinye gonaki, ta ba tsuntsun jan baki mafaka. Manoma da masunta sun fi kuka da toshewar hanya, amma a ƙarƙashin wannan duhun ciyawa ruwa ne tsayayye da ganye ke ruɓewa a cikinsa shekara da shekaru, wurin da kifi mai son iska ba zai zauna ba.

Waɗanda suka auna, da waɗanda suka gyara

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Kogin Misisipi yana kwaso takin gonakin tsakiyar Amurka ya zuba a Tekun Meziko, duk shekara a lokacin zafi sai wani yanki na ƙasan tekun ya rasa iska, jatan lande da kifi su gudu, abin da ba ya iya gudu ya mutu. A 2017 faɗin yankin ya kai kusan murabba'in kilomita 22,700, ya fi Jihar Kano girma. An san wannan adadi ne domin tun 1985 masu bincike, waɗanda Nancy Rabalais ta fara jagoranta, suke fita da jirgi kusan kowace shekara suna aunawa. A watan Maris na 2023 miliyoyin kifaye suka mutu a Kogin Darling kusa da garin Menindee a Ostireliya, bayan ambaliya ta ja baya zafi ya biyo. Wani bincike da aka wallafa a 2017 daga birnin Kiel na Jamus ya nuna tekunan duniya gaba ɗaya sun rasa kimanin kashi 2 cikin 100 na oksijin ɗinsu tun daga 1960, kuma ɗumamar ruwa tana cikin manyan dalilai.

Labarin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa shi ne na Kogin Tems da ya ratsa Landan. A 1858 warinsa ya kai ga hana 'yan majalisar Ingila sakat a zaurensu da ke bakin kogin. A 1957 aka bayyana wani sashe nasa a matsayin matacce, babu iskar da za ta riƙe kifi. Ba wani abin al'ajabi aka yi ba, gyara wuraren tace ƙazantar gari aka yi, aka matsa wa masana'antu. A 1974 aka sake ganin kifin salmon a cikinsa, yau kuma ana lissafa fiye da irin kifi 100. Har jiragen ruwa na musamman suka tanada masu hura oksijin a kogin idan ruwan sama ya kwararo da ƙazanta. Ruwa yana farfaɗowa idan aka daina ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Jakara kuwa ba ta kai Tems girma ba.

Abin da ke hannun mai kiwo

Mai tafki ɗaya ko tanki biyu ba zai jira gwamnati ba, kuma yawancin abin da zai cece shi ba ya buƙatar kuɗi. Ya saba da leƙa kifinsa da asuba kafin rana ta fito, domin a lokacin ne ruwa yake faɗin gaskiya, duban la'asar yaudara ce. In ya ga karfasa ta taru a sama tana buɗe baki, ko tarwada tana yawan hawa da sauka fiye da yadda ta saba, ko ta rataye a tsaye kai sama, kada ya ba da abinci. Ya rage tsohon ruwa ta ƙasa, ya sako sabo, ya kaɗa. Kifin da ya ƙoshi ya fi mai yunwa buƙatar iska, saboda haka ciyarwa mai nauyi da daddare ko da sassafe kafin rana ta ɗaga kasada ce, haka ma ranar da hadari ya rufe gari. Abincin da ya nitse ba a ci ba asara biyu ne, an biya kuɗinsa, sannan ya koma yana cin iskar kifin.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba game da ruwan rijiyar burtsatse. Yana fitowa garau, amma ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa bai haɗu da sarari ba, sau da yawa iskarsa kaɗan ce. Wanda ya cusa bakin tiyo cikin tanki ya cika shi da ruwa mai tsabta maras numfashi. A ɗaga tiyon sama, a huda bututu ruwan ya riƙa fesowa, ko ya faɗo a kan wani abu ya tarwatse kafin ya shiga. Masu tafkin ƙasa da ke zuba kashin kaji don ruwa ya yi kore su riƙa gwadawa da hannu: a tsoma hannu zuwa gwiwa, in tafin ya ɓace tun kafin a kai nan, koren ya yi yawa, a dakata da taki. A kwashe lakar ƙasa bayan kowane girbi. A yi jigilar 'ya'yan kifi da sanyin safiya, kada a cika jarka har baki. Kwaɗayin zuba kifi 2,000 a wurin da zai ɗauki 1,000 kuwa shi ne ya fi kowane abu kashe masu farawa.

Injin hura iska da na kaɗa ruwa suna aiki, amma a nan matsalar wuta take shigowa. Buƙatar tana zuwa ne tsakanin tsakar dare da asuba, lokacin da sola ba ta da amfani sai da batir. Wanda zai kashe kuɗi a kan farantin sola ya manta da batir ya sayi iska a lokacin da tsirrai ke bayar da ita kyauta.

Awo kuma ba sabon ilimi ba ne. Tun 1888 wani ɗalibi ɗan ƙasar Hangare, Lajos Winkler, ya fito da hanyar auna oksijin cikin ruwa da 'yan sinadarai da kwalba, har yau ana amfani da ita. Yanzu akwai na'urar hannu da ake tsomawa ta nuna lamba nan take, kuma ƙungiyar masu kiwo ta unguwa ɗaya tana iya haɗa kuɗi ta sayi guda. Ɗaliban jami'o'inmu sun auna Jakara da Challawa da Kogin Kaduna ba sau ɗaya ba, sakamakon yana nan cikin kundayen digiri a kan kanta. Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, muna da hukumar muhalli ta NESREA tun 2007, muna da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ma'aikatun muhalli na jihohi. Abin da nake roƙonsu ƙarami ne: a zaɓi wurare tabbatattu a kan waɗannan koguna, sama da inda masana'antu ke zubar da ruwansu da kuma ƙasa da wurin, a riƙa aunawa da asuba kowane wata, a karanta lambobin a rediyo da Hausa yadda ake karanta farashin hatsi. Ranar da sarkin ruwa da masuntansa suka ji cewa sama da bututun wane lambar 7 ce, ƙasa da shi kuma 1, sun san ƙofar da za su je su ƙwanƙwasa.